Henrietta Leavitt: 'Yar Fasto Wadda Ta Samo Ma'aunin Nisan Taurari

Ranar Kirsimati ta shekarar 2021, a daidai lokacin da iyalai a Gwantu da Kafanchan suka taso daga sujada ana kai tuwo da shinkafa gida-gida, wani roka ya tashi daga Kourou, a gaɓar Kudancin Amurka, ɗauke da madubin hangen nesa mai suna James Webb. An kai shi wani wuri mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. A watan Yuli na 2022 aka fito da hotunansa na farko, kuma ba a daɗe ba suka iso wayoyin hannu har cikin ƙauyuka. Ɗaya daga cikinsu ya nuna wani ɗan yanki na sama wanda faɗinsa bai wuce ƙwayar rairayi da mutum ya riƙe a yatsa ya miƙe hannu ba, amma a cikinsa akwai dubban garkunan taurari, kowane garke da taurarinsa bila adadin. Masana suka ce hasken waɗansunsu ya shafe fiye da shekaru biliyan 13 yana tafe kafin ya faɗo a kan madubin.

Yaro mai wayo, idan ya ji wannan magana, dole ya yi tambaya: to, wa ya je can ya auno? Tambaya ce mai kyau, kuma manya da yawa suna yin ta a zuci. Amsarta ta soma ne a hannun wata mace kurma, 'yar fasto, wadda ta yi aikinta a kan tebur tana karɓar senti 30 a awa, ta kuma rasu shekaru 100 da kwana 13 kafin tashin wancan roka. Sunanta Henrietta Swan Leavitt.

Gidan fasto

An haifi Henrietta ran 4 ga Yuli, 1868, a garin Lancaster na jihar Massachusetts a ƙasar Amurka. Mahaifinta, Rabaran George Roswell Leavitt, fasto ne na Ikkilisiyar Congregational, wato irin ikkilisiyar da kowace majami'a take tafiyar da al'amuranta da kanta. Sunan mahaifiyarta aka sa mata. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya bakwai, biyu daga cikinsu kuwa sun rasu tun suna ƙanana.

Kowane ɗan fasto ya san cewa gidansu ba ya kafa saiwa a wuri ɗaya. Haka iyalin Leavitt suka yi ta ƙaura: daga Lancaster zuwa Cambridge, daga can zuwa Cleveland a jihar Ohio, daga baya kuma zuwa Beloit a jihar Wisconsin. Suna Ohio ne Henrietta ta shiga Kwalejin Oberlin, makarantar da ta yi suna domin tana cikin na farko a Amurka da suka buɗe ƙofa ga mata da kuma baƙaƙen fata. Daga nan ta koma Cambridge, ta shiga makarantar mata da ke jingine da Jami'ar Harvard, wadda daga baya aka sa wa suna Radcliffe. Ta karanta Helenanci da zane da falsafa da lissafi. Sai a shekararta ta ƙarshe ta ɗauki darasin ilimin taurari, kuma a nan zuciyarta ta tsaya. Ta gama a 1892. Takardar da aka ba ta ta shaida cewa ta yi karatun da ya yi daidai da na digirin Harvard, amma digirin kansa ba a ba mata a wancan zamani.

Bayan gama makaranta ta soma taimakawa a cibiyar nazarin taurari ta Harvard ba tare da albashi ba. A 1896 ta bar wurin, ta yi tafiya zuwa Turai, sa'an nan ta koma wurin iyayenta a Beloit, inda ta taimaka wajen koyar da zane a kwalejin garin. A waɗannan shekaru ne rashin lafiya ya taɓa kunnuwanta, jinta ya riƙa raguwa sannu a hankali. Shekara shida ta yi nesa da taurari. A 1902 ta rubuta wa shugaban cibiyar, Edward Pickering, tana neman komawa bakin aiki, ta kuma bayyana masa cewa likita ya hana ta shiga sanyi saboda kunnenta, abin da ya rufe mata ƙofar tsayuwar dare a gindin madubi. Pickering bai manta da ingancin aikinta ba. Ya kira ta, ya yanka mata senti 30 a awa, alhali yawancin matan wurin senti 25 suke karɓa.

Ɗakin mata masu lissafi

Pickering ya riƙe shugabancin cibiyar daga 1877 har rasuwarsa a 1919, kuma shi mutum ne mai son tara bayanai kamar yadda manomi yake son cika rumbu. Ya gane cewa zamanin da masani zai kwana yana leƙen madubi da idonsa yana rubuta abin da ya gani ya kusa wucewa. Maimakon haka, a ɗauki hoton sama a kan faranti na gilashi, a ajiye, a auna da rana cikin natsuwa. Ya kafa reshe a Arequipa, cikin duwatsun ƙasar Peru, domin a ɗauki hoton sararin kudu wanda ba a gani daga Amurka ta Arewa. Daga can ake jera farantan cikin akwatuna, a ɗora wa jirgin ruwa, su yi makonni a hanya kafin su iso Cambridge. A ƙarshe tarin farantan Harvard ya kai wajen 500,000.

Ɗaukar hoto aikin maza ne. Auna shi kuwa, wanda ya fi cin rai, aka bar wa mata, domin suna da haƙuri kuma ladansu ba shi da yawa. Sunan da ake kiransu da shi a Turance shi ne kalmar nan da ta zama kwamfuta a yau, domin kafin a ƙera na'urar, mutum mai lissafi ake kira haka. A cikinsu akwai Williamina Fleming, wadda ta fara a matsayin 'yar aikin gidan Pickering ta zama shugabar matan. Akwai kuma Annie Jump Cannon, ita ma kurma, wadda ta rarraba dubban ɗaruruwan taurari aji-aji, da tsarin da har yau ake amfani da shi.

A kan irin wannan faranti sama fara ce, taurari kuwa baƙaƙen ɗigo ne, kamar an watsa garin gawayi a kan farin zane. Henrietta takan jingina farantin a kan katako, haske ya ratso ta bayansa, ta sa gilashin ƙara girma a ido, ta bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Aikin da aka ba ta shi ne neman taurari masu sauya haske, waɗanda sukan yi ƙarfi su dushe su sake yin ƙarfi. Dabarar ita ce a ɗauki faranti biyu na yanki ɗaya da aka ɗauka a darare daban-daban, ɗaya mai baƙin ɗigo ɗaya mai fari, a ɗora su daidai wa daida. Tauraron da bai sauya ba, baƙinsa zai rufe farinsa. Wanda ya sauya kuwa zai bar ɗan zobe a gefe. Cikin dubban ɗigo a faranti ɗaya, wannan ɗan zobe take nema, kwana shida a mako, shekara da shekaru. Duk macen da ta taɓa tsince tsakuwa daga cikin acca ta san kaɗan daga cikin irin wannan aiki.

Matsalar fitila a cikin duhu

Domin a gane girman abin da ta gano, sai a fara gane abin da ya gagari masana kafin ita. Mutum yana dawowa daga gona da dare, sai ya hango wani haske can gaba. Ƙaramar fitilar aci-balbal ce a bukka kusa, ko kuwa fitilar babbar mota ce can nesa a hanyar Akwanga? Ido kaɗai ba zai raba gardamar ba. In ya san ainihin ƙarfin fitilar, zai iya kimanta nisanta, domin haske yana da ƙa'ida: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Amma taurari ba su zuwa da takarda a wuya mai faɗin ƙarfinsu.

Hanya ɗaya tak aka sani a lokacin. A dubi tauraro yau, a sake dubansa bayan wata shida sa'ad da duniya ta kewaya zuwa ɗaya gefen rana, a auna ɗan gocewar da ya yi, kamar yadda yatsa yakan yi tsalle in mutum ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya. Wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya fara cin nasara da wannan hanya a 1838. Sai dai ba ta aiki sai ga taurarin da ke maƙwabtaka da mu. Sauran duka, gocewarsu ta yi ƙanƙanta ƙwarai har ba ta aunuwa. Saboda haka a farkon ƙarni na 20 babu wanda ya san girman garken taurarin da muke ciki, wato farin zirin nan da ke ratsa sama a dare mai duhu, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da Hanyar Madara. Babu kuma wanda ya san ko akwai wani abu a bayansa.

Gajimare biyu a kudu

A sararin kudu akwai waɗansu fararen tabo biyu masu kama da guntayen gajimare, amma iska ba ta kora su. Mutanen kudancin duniya sun san su tun kaka da kakanni. Turawa kuwa suka sa musu sunan Magellan, matuƙin jirgin ruwan da ayarinsa ya kewaye duniya tsakanin 1519 da 1522. A gaskiya ƙananan garkunan taurari ne. Daga 1904 Henrietta ta duƙufa a kan hotunansu da aka aiko daga Peru, sai ga taurari masu sauya haske suna ta fitowa kamar fara. A 1908 ta buga sakamakon: taurari 1,777, wato 969 a Ƙaramin Gajimare da 808 a Babba. Rahoton kusan duk jerin lambobi ne. Amma a kusa da ƙarshensa ta kawo taurari 16 da ta iya ƙidaya kwanakin zagayen haskensu, ta kuma lura a cikin jimla ɗaya cewa waɗanda suka fi haske su ne suka fi daɗewa kafin su kammala zagaye. Ba a samu wanda ya kula da wannan jimla ba.

Ita ma ba ta samu damar bin sawunta nan da nan ba. A ƙarshen 1908 ciwo ya kwantar da ita, ta koma Beloit jinya fiye da shekara guda. Ta dawo ke nan ba da daɗewa ba, mahaifinta ya rasu a 1911, ta sake komawa domin ta zauna da mahaifiyarta. Sai a 1912, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara isa Kano ba, ta kammala aikin. A wannan karon taurari 25 ta auna a Ƙaramin Gajimare, daga mai zagayen kwana ɗaya da 'yan awoyi har zuwa mai kwana 127. Da ta zana su a takardar awo, sai suka jeru a kan layi, ba su warwatse ba.

Ga inda basirarta take. Wanda ya tsaya a Kafanchan da dare ya hangi fitilu a kan Dutsen Kagoro, ya san cewa dukansu kusan nisa ɗaya suke daga gare shi. Ko wani gida ya fi wani kusa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka fitilar da ta fi haske a idonsa, ita ce ta fi ƙarfi a gaskiya. Haka Henrietta ta yi tunani game da taurarin Ƙaramin Gajimare: tun da suna wuri ɗaya, bambancin haskensu na ainihi ne, ba ruɗin nisa ba ne. In kuwa haka ne, to irin wannan tauraro yana faɗin ƙarfinsa da kansa ta wurin kwanakin zagayensa. Mai agogo da haƙuri zai ƙidaya kwanakin, ya san ainihin ƙarfin tauraron, ya gwada da ɗan hasken da ya iso gare shi, ya fitar da nisa. Takardar da aka ce taurari ba su da ita a wuya, ashe waɗansunsu suna da ita, karanta ta ne ba a iya ba.

Irin waɗannan taurari ana kiransu Sefid, daga sunan ɗaya daga cikinsu, Delta Cephei, wanda wani saurayi Bature ɗan Ingila, John Goodricke, ya gano sauyawarsa a 1784. Abin mamaki, shi ma kurma ne. Henrietta ba ta san dalilin sauyawar ba, kuma ba ta yi da'awar sani ba. Daga baya aka gane cewa tauraron kumbura yake yi yana motsewa, kamar ƙirjin mai numfashi. Babba mai tsananin haske yakan yi numfashinsa a hankali, ƙarami kuma da sauri, kamar bambancin numfashin bijimi da na ɗan tsako.

Rahoton ya fito ran 3 ga Maris, 1912, shafi uku kacal. Sa hannun da ke ƙarshensa na Pickering ne, ko da yake jimlar farko ta faɗa cewa Miss Leavitt ce ta shirya shi. A ciki ta nuna abin da ya rage: a auna nisan ko da kaɗan daga cikin taurarin Sefid na kusa, domin ma'aunin ya samu tushe. Sanda ce ta sassaƙa mai tsaga daidai, saura a san ko kowace tsaga kamu nawa ce.

Aikin da aka ɗora mata

A nan ne labarin yake da ɗaci. Maimakon a bar ta ta bi abin da ta gano, Pickering ya mai da ita kan wani aiki da ya fi damunsa: tsara ma'aunin hasken taurarin da ke kewaye da tauraron arewa, domin dukan cibiyoyin duniya su riƙa gwada hotunansu da shi. Ta yi wannan aiki da faranti 299 daga madubai 13 daban-daban. Wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya karɓi ma'auninta a 1913, aka buga shi cikakke a 1917, kuma an yi shekaru da dama ana dogara da shi. Aiki ne mai amfani, babu shakka. Amma Cecilia Payne, wadda ta zo Harvard a 1923 ta kuma zama babbar masaniya, ta ɗauki wannan shawara ta Pickering a matsayin mai tsanani, wadda ta ɗaure mai hazaka a kan aikin da bai dace da ita ba, ta kuma jinkirta binciken taurari masu sauyawa. Da wuya mai adalci ya ƙi yarda da ita. Pickering ya buɗe wa mata ƙofar da waɗansu suka rufe, amma ɗakin da ya shigar da su rufinsa gajere ne.

Maza a waɗansu wurare suka ɗauki sandar. A 1913 Ejnar Hertzsprung, ɗan ƙasar Denmak, ya yi ƙoƙarin farko na sa mata tushe. Zuwa 1918 Harlow Shapley, yana aiki a Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya yi amfani da ita ya auna garkenmu, ya nuna cewa ya fi yadda ake zato girma nesa ba kusa ba, kuma rana ba a tsakiyarsa take ba, can gefe take. Lissafinsa ya zarce; a yau an san faɗin garken ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000 ko fiye, rana kuma tana wajen shekara 26,000 daga tsakiya. Haske kuwa yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa duniya minti takwas da 'yan kai yake yi.

Henrietta ba ta yi aure ba. Bayan rasuwar mahaifinta, ita da mahaifiyarta suka zauna tare a Cambridge, kusa da wurin aiki. Ba ta bar littafin tarihin kanta ba, wasiƙunta da suka rage ma kaɗan ne, kusan duk a kan aiki. Abokin aikinta Solon Bailey, wanda ya kafa reshen Peru, ya shaide ta bayan rasuwarta da cewa mace ce mai ɗaukar rayuwa da nauyi, wadda shagulgula ba su dame ta ba, mai riƙon amana ga iyalinta da ikkilisiyarta da aikinta, mai kuma saurin ganin alherin da ke cikin mutane. Cikin rayuwarta ta gano taurari masu sauya haske fiye da 2,400, kusan rabin dukan waɗanda aka sani a zamaninta.

A 1921 Shapley ya zama shugaban cibiyar Harvard, ya naɗa ta shugabar sashen auna hasken taurari. Muƙamin ya zo a makare. Ciwon daji ya riga ya kama ta. Ta rasu ran 12 ga Disamba, 1921, tana da shekara 53. Dukan abin da ta bari, da aka ƙiyasta, ya ɗan haura dala 300. An binne ta a maƙabartar Cambridge a filin danginta, inda sunanta yake a jikin dutse ɗaya da na ƙannenta biyu da suka rasu suna jarirai. Ba a rubuta komai game da taurari a wurin ba.

Abin da ba ta gani ba

Shekara guda kafin rasuwarta, a Afrilu 1920, an yi wata shahararriyar muhawara a birnin Washington tsakanin Shapley da Heber Curtis. Akwai waɗansu tabo-tabo masu kama da hayaƙi a sama, mafi girmansu shi ne na Andromeda. Shapley ya ce suna cikin garkenmu, kuma garkenmu shi ne iyakar halitta. Curtis ya ce garkuna ne masu zaman kansu, can nesa. Aka tashi ba wanda ya ka da wani, domin ba mai awo a hannu.

A daren 5 ga Oktoba, 1923, Edwin Hubble ya ɗauki hoton Andromeda da madubin Dutsen Wilson mai faɗin inci 100, mafi girma a duniya a lokacin. Da ya gwada shi da tsofaffin faranti, sai ya tarar da wani ɗigo mai sauyawa. Sefid ne, mai zagayen kwana 31 da 'yan awoyi. Ya ɗauki ƙa'idar Henrietta ya yi lissafi, ya samu nisan da ya kusa tafiyar haske ta shekara miliyan ɗaya, wanda ya wuce ko da iyakar da Shapley ya zana. Muhawara ta ƙare. An karanta sakamakon a taron masana ran 1 ga Janairu, 1925. Daga baya, a 1952, Walter Baade ya nuna cewa taurarin Sefid iri biyu ne da aka gauraya, aka gyara lissafin. A yau nisan Andromeda shekara miliyan 2.5 ne.

A 1927 Georges Lemaître, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya nuna cewa sararin kansa yana buɗewa. A 1929 Hubble ya kawo awon da ya tabbatar da cewa gwargwadon nisan garke, gwargwadon saurin da yake nisantarmu. Matakin farko na tsanin da ya hau domin auna waɗannan nisa, na Henrietta ne.

A 1925 wata wasiƙa ta iso Harvard daga ƙasar Suwidin, da sunanta a kai. Gösta Mittag-Leffler, dattijon masanin lissafi, ya rubuto yana son ya gabatar da ita domin kyautar Nobel. Bai san ta fi shekara uku a kabari ba, kuma ba a gabatar da mamaci. Shapley ne ya amsa. Ya sanar da rasuwarta, ya yabe ta, amma ya karkata maganar yadda kaso mai tsoka na yabon zai faɗo a kan fassarar da shi ya yi wa bincikenta. Ba a nan ya fi kyan hali ba.

Madubai a bisa iska

Iskar da ke kewaye da duniya tana sa taurari ƙyaftawa, tana kuma dagula hoto, balle a ce ƙura ta tashi irin ta hunturu. Saboda haka aka yi tunanin kai madubi sama da iskar. Ran 24 ga Afrilu, 1990, aka harba madubin da aka sa wa sunan Hubble, mai faɗin mita 2.4, ya soma kewaya duniya a tsayin fiye da kilomita 500. Hotunansa na farko sun fito dishi-dishi saboda kuskure a wajen goge madubin, sai da 'yan sama jannati suka je suka gyara a Disamba 1993. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka gina shi dominsu shi ne neman taurarin Sefid a garkuna masu nisa. A 1994 ƙungiyar da Wendy Freedman take cikin jagororinta ta same su a garken M100, mai nisan fiye da shekara miliyan 50. A 2001 suka fitar da saurin buɗewar sarari da daidaiton da ba a taɓa samu ba. Wannan awo, tare da waɗansu na daban, shi ya kai masana ga ƙiyasin da suke bayarwa a yau, cewa shekarun sararin sun kai wajen biliyan 13.8.

A Disamba 1995 aka juya madubin zuwa wani ɗan wuri da ake gani kamar babu komai a cikinsa, aka bar shi yana tara haske kwana goma. Hoton ya fito da garkuna kusan 3,000. A 2004 wani hoto mai zurfi fiye da shi ya nuna wajen 10,000. A irin wannan nisa ba a iya ganin Sefid ɗaya-ɗaya. Ana dogara ne da waɗansu taurari masu fashewa da kuma yadda launin haske yake rinjaya zuwa ja. Amma waɗannan ma'aunai ma da taurarin Sefid ake daidaita su, kamar yadda ake gwada tiya da mudu.

Madubin James Webb, mai faɗin mita 6.5, yana ganin irin hasken da ido ba ya gani, wanda yake ratsa ƙura. Da shi Adam Riess da abokan aikinsa suka sake auna taurarin Sefid fiye da 1,000 a 2023 da 2024, har zuwa wani garke mai nisan shekara miliyan 130, suka tarar awon madubin Hubble daidai ne. Wannan ya bar masana da ciwon kai, domin saurin buɗewar da tsanin Sefid yake bayarwa, wajen 73 a ma'auninsu, ya fi wanda ake samu daga nazarin hasken farkon sarari, wajen 67, kuma gardama a kan dalilin bambancin tana nan.

Sunan Henrietta yana kan wani rami a bayan wata, gefen da ba ya fuskantar duniya, da kuma kan wani ƙaramin dutse mai kewaya rana, mai lamba 5383. Masana da yawa yanzu suna kiran abin da ta gano Dokar Leavitt.

Taurarinta kuwa ana ganinsu daga Gwantu. A watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin ƙurar hunturu ta yi kauri, a daren da babu farin wata, wanda ya fita bayan gari wajen ƙarfe tara ya fuskanci arewa zai iya ganin Andromeda da ido, wani ɗan tabo mai kama da hayaƙi can sama, yamma da Kaza da 'Ya'yanta. In ya juya kudu, a wurin da dutse ko itace bai tare ba, Ƙaramin Gajimare yana nan ƙasa-ƙasa, bai kai tsayin dunƙulen hannu daga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, kuma sai sama ta yi garau sosai yake bayyana. Hasken da zai shiga idonsa daga can ya baro gida wajen shekara 200,000 da suka wuce.